Ganyen Kyanwa a Gwangwanin Madara

Alhamis, 7 ga wata, biyar na yamma

Likita ta ce in daina juye wa Auta damuwata idan na je dubiya, in sami littafi in riƙa juyewa a ciki. To ga littafi. Ragowar wanda na yi ajin manya da shi ne. Rubutuna manya-manya ne, amma ba mai gani sai ni.

Yau Auta ta yi magana. Kwana tara ke nan tun waccan Talatar da ta yi wa kanta illa a ɗakinta tana kwance a asibiti, fuska ga bango, ba ta kalle ni ba, ba ta kalli babanta ba. Ina gyara mata filo sai na ji ta ce, "Umma, Manaja tana cin abinci?"

Manaja kyanwarta ce. Ita ta laƙaba mata sunan, wai don ba ta aikin komai sai zama a kujera tana kallon masu aiki. Ni na haifi yarinyar nan, kwana tara ina zaune bakin gadonta har bayana ya ƙage, amma maganar farko ta kyanwa ce.

Na ce, "Tana ci. Har ƙiba ta yi."

A baranda likita ta riƙe hannuna ta ce wannan babban ci gaba ne. Ta ce abin da yarinyar ta kama ke nan, kada a kawo mata labari mara daɗi ko ƙanƙani sai ta yi ƙarfi.

Manaja ba ta gidan. Yau kwana takwas.

Juma'a, 8 ga wata, bakwai na safe

Babansu ya fita tun da sassafe yana leƙa ƙarƙashin motocin layinmu yana mus-mus-mus. Dattijo da ciwon gwiwa. Ya dawo da ƙura a wando ya ce kyanwa ba ta nisa da gida, tana nan kusa.

Juma'a, huɗu na yamma

Na shiga ɗakin Auta in ɗauko mata kayan sawa. Ban kalli wajen gado ba. A cikin durowa na tarar da wata 'yar takardar iri, da hoton kyanwa tana birgima cikin ganye. Sai na tuna. Bara ta roƙe ni in ba ta gefe ɗaya a lambu ta shuka wa Manaja wani abu, na ce lambuna na tumatir da albasa ne, ba na mahaukata ba. Haka na ce mata. Kalmar ke nan.

Rubutun jikin takardar ba irin wanda na iya ba ne, sai na kai wa mai fulawa na bakin titi. Ya juya ta ya yi dariya.

"Mama, wannan ɗan'uwan na'a-na'a ne. Kyanwa idan ta ji ƙamshinsa sai kanta ya juye, ta biyo shi ko daga ina."

"Ko daga ina?"

"To, ban da wani gari dai."

Ya karanto yadda ake yi, ina rubutawa a tsaye. Na ce ya sassauta, hannuna ba inji ba ne. Ga abin da ya ce: a sa irin a firiza kwana ɗaya. A jiƙa shi a ruwa kwana ɗaya. A barbaɗa a saman ƙasa a ɗan danna da tafin hannu, kada a binne, haske yake so. Ruwa kaɗan-kaɗan. Ya ce mutane ma suna dafa ganyen su sha don hankalinsu ya kwanta, ya kalle ni ya ce in ya fito in fara da kaina. Yaron yanzu.

Iri a firiza, sai ka ce kifi. Shekara talatin ina shuka ban taɓa jin wannan shirmen ba.

Asabar, 9 ga wata, takwas na safe

Na shuka rabin irin a gefen katanga. Ban sa a firiza ba, ba ni da kwana biyun zubarwa. Na tona da yatsa na rufe shi sosai yadda ake yi wa kowane iri mai mutunci. Ko tsuntsu ba zai same shi ba.

Lahadi, 10 ga wata, bayan La'asar

Auta ta tambaya ina Manaja take kwana. Na ce a kan kujerarki. Ta ce, "Kin bar ta? Ke?" Na ce na bar ta mana. Har ta ɗan motsa baki kamar za ta yi murmushi.

Babansu yana can gefe yana ɓare lemo, ya ɓare har guda uku ba wanda ya ce masa yana so.

Laraba, 13 ga wata, da safe

Ba komai.

Juma'a, 15 ga wata, shida na yamma

Ba komai. Na ba shi ruwa sau uku. Babansu ya tsaya a kaina ya ce, "Shuka kike yi ko kiwon tarwaɗa?" Shi da ya kasa gano kyanwa ɗaya a layi ɗaya.

A'a. Wannan ban yi masa adalci ba.

Litinin, 18 ga wata, sha ɗaya na safe

Na tone wurin da cokali in ga abin da ake ciki. Irin ya fi yashi ƙanƙanta kuma baƙi ne, na rasa wane ne iri wace ce ƙasa. Na zauna a kan bokiti ina tankaɗe laka da yatsu kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Kwana tara sun tafi a banza.

Talata, 19 ga wata, azahar

Mai fulawa ko gaisuwar kirki bai bari mun gama ba.

"Mama, kin binne shi, ko?"

"Na dai rufe shi."

"Firiza fa?"

Na kama gyara mayafina.

"Ba da hannunki kika rubuta ba? Ina ganin ki. Kabari kika yi masa, Mama, saura addu'a."

Na so in ce masa na girmi uwarsa, amma gaskiya ya faɗa. Na sha wuya kafin na iya rubutu, sai ga shi na rubuta abu da hannuna na ƙi yarda da shi.

Sauran irin yana firiza yanzu, cikin leda, tsakanin kaza da ƙanƙara. Na manna takarda a ƙofar: KADA A TAƁA. Mu biyu ne kawai a gidan, ya san da wa nake.

Alhamis, 21 ga wata, tara na safe

Ya kwana a sanyi, ya kwana a ruwa, yau na barbaɗa shi a gwangwanayen madara guda shida da na huda wa gindi da ƙusa. Na danna da hannu kawai. Yana nan a fili tsirara, raina bai kwanta ba ko kaɗan.

Babansu ya ce, "Ga ƙasa har ƙasa a lambu, me ya kai ki gwangwani?" Na ce haka mai fulawa ya ce. Alhali mai fulawa bai ce ba.

Alhamis, biyar da rabi na yamma

Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Washegarin Talatar nan na dawo daga asibiti ni kaɗai don in wanke ɗakin. Na tura ƙofa na tarar da Manaja zaune a tsakiyar gadon tana lasar ƙafa, hankali kwance. Tana ciki aka yi komai. Ita ta gani, ni ban gani ba. Wata huɗu yarinyar nan tana rufe min ƙofa tana buɗe wa kyanwa. Ina jin ta ta bango tana yi mata hira ƙasa-ƙasa, ni kuwa in na ƙwanƙwasa sai "Ina barci, Umma."

Na kifa mata kwandon wanki, na naɗe da zanen gado, na tare tasi. Muka haye gada, muka wuce kasuwar katako, har bayan wani garejin gyaran motoci. A nan na zazzage ta. Ba ta gudu ba. Tsayawa ta yi tana kallona har na shiga mota.

Babansu na ce masa ta taga ta fita.

Ƙamshin lambuna ba zai haye gada ba. Shi ya sa gwangwani. Gwangwani ana ɗaukarsa.

Lahadi, 24 ga wata, bayan La'asar

Yau Auta ta cinye rabin abincinta, ta bari na taje mata kai. Sannan ta ce in ɗauko mata hoton Manaja a waya. Na ce ai kin san ta, ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ta ce, "Manaja? Umma, Manaja fa wuni take a wuri ɗaya."

A mota babansu ya ce, "Har yaushe za mu yi ta yi wa yarinyar nan ƙarya?" Mu. Ya ɗauka tare muke ciki.

Laraba, 27 ga wata, da safe

Ba komai. Na ɗaure hannuna ban tona ba.

Juma'a, 29 ga wata, shida da kwata na safe

Ya fito! Kore-kore ƙanana kamar kan allura, ganye biyu-biyu, duk gwangwani shida. Na kira babansu ya zo ba tabarau, ya ce shi ba ya ganin komai sai laka. Na ce ya je ya sa idanunsa ya dawo.

Litinin, 2 ga sabon wata, azahar

Gwangwani biyu sun mutu. Jiya suna tsaye, yau duk sun kwanta, ƙafarsu ta tsuke kamar zare. Mai fulawa ya cusa yatsa a ƙasar ya girgiza kai.

"Sau nawa kike ba shi ruwa?"

"Idan na ga kamar yana so."

"Sau nawa kike ganin kamar yana so?"

Ya ce sai saman ƙasar ya bushe tukuna, kuma in fitar da su rana su sha iska, in daina tsayuwa a kansu ina tare musu haske. Wa ya gaya masa ina tsayuwa a kansu? Babansu ne, na san shi.

Alhamis, 5 ga wata, shida na yamma

Likita ta ce in komai ya tafi haka, ranar Juma'a ashirin ga wata za a sallame ta. Na ce alhamdulillahi, na kama ƙirga kwanakin da yatsuna. Wace irin uwa ce ake ce mata 'yarta za ta dawo gida ta kama lissafin tsawon ganye?

Shukokin sun cunkushe, an ce a rage a bar biyu-biyu a kowane gwangwani. Na kasa. Babansu ya ɗauko almakashin gemunsa ya yi, ni ina ɗaki.

Laraba, 11 ga wata, goma na safe

Sun kai tsawon yatsa. Ganyen yana da gashi-gashi, bakinsa kamar haƙoran zarto. Na rufe su da tsohon gidan sauro, ko ganye ɗaya bai ƙuje ba, ko ni ba na taɓawa.

Amma ga abin haushi. Ƙaton muzurun maƙwabta ya bi ta kan katanga, ya sauko, ya wuce ta gaban gwangwanayen, ya je ya yi fitsari a albasata ya tafi. Ko waiwaye bai yi ba. Wannan ne ganyen da ke juya kan kyanwa? Idan irin bogi aka sayar wa Auta, na shiga uku.

Asabar, 14 ga wata, biyu na rana

Na ce wa babansu za ni kasuwa. Na sa gwangwani ɗaya a jaka, na riƙe shi a cinya kamar jariri har muka haye gada.

Bayan garejin akwai wata matacciyar bas ba tayoyi. Na ajiye gwangwanin kusa da ita, na zauna a kan wata kujerar mota da aka cire aka yar. Awa biyu. Ƙudaje ne kawai suka zo.

Bakaniken, wani mai furfura da baƙin mai har gwiwar hannu, ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Hajiya, mota kika kawo ko fulawa kike sayarwa?"

Na ce kyanwa nake nema, mai ruwan toka, kunne ɗaya a tsage. Ya daɗe yana kallona.

"Ai na gane ki. Ke ce mai kwandon wanki."

Da ƙasa za ta buɗe da na shige. Ya ce tana nan, a cikin bas ɗin take kwana, ta gama musu da ɓeraye, Sifana suke kiranta. Amma ba ta fitowa sai ta ga dama, kuma ba ta yarda hannu ya taɓa ta. Ya ƙara da cewa, "Ban san dalili ba." Ya sani sarai.

Tana da rai. Na rubuta wannan sau uku a zuciyata kafin na iso gida.

Litinin, 16 ga wata, uku na rana

Na koma. Ina zaune ina gadin gwangwani sai bakaniken ya durƙusa ya ce bari ya ga abin da ake ta wa hidima. Kafin in buɗe baki ya sa wannan baƙin hannun ya tsinke kan shukar ya murje tsakanin yatsu. Ihun da na yi har masu walda suka leƙo. Sati uku da rabi ina lallaɓa abu kamar ƙwai!

Ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya. Kai, amma yana da ƙarfi."

Sai a lokacin na ji. Wani ƙamshi mai kaifi, na'a-na'a ba na'a-na'a ba. Ashe a cikin ganyen yake a kulle, sai an murje yake fita. Ni kuma na hana kowa taɓawa, har iska na so in hana.

Ba a yi minti biyar ba ta fito daga ƙarƙashin bas ɗin. Ta yi baƙi-baƙi da mai, kuma wallahi ta yi ƙiba, ƙaryata ɗaya ta zama gaskiya. Ta shinshina, ta goga kumatu a gwangwanin, ta kifar da shi, ta kama birgima a ƙasa ƙafafu sama tana dalalar da miyau. Manaja, mai jan aji. Bakaniken ya riƙe ciki yana dariya.

Na miƙe a hankali na ce, "Manaja."

Ta tsaya cak. Ta kalle ni. Ta kumbura, ta yi min wani huci, sai cikin bas.

Talata, 17 ga wata, da yamma

Gwangwani na biyu. Ta fito, ta yi birgimarta, ina motsawa ta gudu. Bakaniken ya gwada da buhu, ta yage masa bayan hannu. Ya ce, "Hajiya, ni injin mota na iya. Wannan sai mai ita."

Mai ita.

Laraba, 18 ga wata, bayan Magariba

Na gaya wa babansu. Yana shan shayi, ya ajiye kofin a hankali.

"Gada kika haye da ita?"

"E."

"Sati bakwai ina rarrafe a ƙarƙashin motocin mutane. Har mai shago ya fara tambayata ko lafiya."

Na ce ya yi min faɗa mana, ya ce wani abu. Ya ce ba shi da abin cewa, shi gwiwarsa kawai aka ɓata wa, wadda za a ba haƙuri tana asibiti. Ya ɗauki kofinsa ya wanke da kansa. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa wanke kofi ba sai yau.

Alhamis, 19 ga wata, biyar na yamma

Na fara samun likita a ofis na gaya mata duka. Ta cire tabarau ta murza ido. Na tuna mata ita ta ce kada a kawo labari mara daɗi. Ta ce, "Na ce. Amma gobe za ta shiga gida ta ga kujera ba kowa. Gara ta ji daga bakinki, a nan, ina kusa."

Na faɗa. Ba zan rubuta yadda na faɗa ba, ban faɗa da kyau ba. Na fara da ganye, na koma kan firiza, sai da likita ta taɓa min kafaɗa sannan na zo kan kwandon.

Auta ba ta yi kuka ba. Ba ta juya ga bango ba, wannan na fi tsoro. Ta kalle ni ido cikin ido, rabon da ta yi min haka na manta. Ta ce, "A ina?" Na kwatanta mata. Ta ce, "To." Shi ke nan. Da zan tafi na ce sai da safe, ba ta amsa ba.

Likita ta ce fushi ba shi ne ciwon ba, in bar ta ta yi abinta. Ita ai ba da ita ake fushin ba.

Juma'a, 20 ga wata, shida na yamma

Daga asibiti ba gida muka nufa ba. Tana shiga mota ta ce wa babanta, "Abba, gada." Ni ba a ce min komai ba, ina baya da gwangwani na uku a cinya.

Da muka isa ta karɓi gwangwanin ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ki zauna a mota. In ta gan ki ba za ta fito ba."

Na zauna. Ta gilashi nake kallo. Ta rame, rigar ta yi mata yawa, tana tafiya kamar mai koyo. Ta tsuguna gaban bas ɗin ta tsinki ganye ta murje, ba wanda ya koya mata. Ban ji abin da ta ce ba. Kyanwar nan da ta yage ƙaton namiji ta fito da gudu ta haye mata kafaɗa, ta shafe mata wuya da baƙin mai. Bakaniken ya juya baya yana ta goge wata sifana da ba ta da datti.

Ta dawo rungume da ita ta tsaya a bakin tagata. Manaja na ganina ta kwantar da kunne.

Auta ta ce, "Ki ba ta haƙuri."

Na ce, "Wa? Kyanwar?"

"Ita kika zubar."

Na kalli babansu ko zai sa baki, ya ƙura wa sitiyari ido. Bakanike yana tsaye, masu walda sun daina walda. Mace da jikoki huɗu, a bakin titi, za ta roƙi gafarar dabba.

Na sauke gilashi. Na ce, "Manaja, ki yi haƙuri." Na ɗauka a nan zan tsaya. Sai na ji bakina ya ci gaba. Na ce ki yi haƙuri ban ƙwanƙwasa da ƙarfi ba. Na ce na ji shirun ya yi yawa ranar, na ce bari in gama wanki tukuna. Na ce kalmar nan da na faɗa a lambu ban san tana ciwo haka ba. Na ce ina jin tsoro kullum, tun kina zanen goyo, ban san yadda ake dainawa ba. Ban san me kuma na ce ba, hancina yana zuba, ba ni da hankici.

Kyanwar ta yi hamma.

Auta ta daɗe a tsaye. Sannan ta buɗe ƙofar baya, ba ta gaba ba, ta ce, "Ta ji, Umma. Matsa mana."

Na matsa.